Kalmar da Kawu Ba Zai Yanka Ba

Na je zaman makoki da yawa, wasu ma da bakina na karanta sanarwarsu a gidan rediyon da nake aiki, amma ban taɓa ganin irin na Kawu ba. Mai gaisuwa zai shigo gidan a Ikara cikin ladabi, ya durƙusa gaban Inna, matar marigayin, ya ce, "Ya haƙuri?" ta ce, "Da godiya." Ya yi addu'a irin ta addininsa, don danginmu rabi coci suke zuwa, rabi masallaci. Sai ya koma kan tabarma, ya soma kawo ƙarar marigayin.

Wani direban motar rake daga Kudan ne ya fara.

"Allah ya jiƙan Baba. Mutumin kirki ne, ba mai musu. Amma wallahi har gobe motata ba ta ɗauke da abin da na ce a rubuta."

"Me ka ce a rubuta?" in ji wani.

"'Babu Mai Iya Min.' Na je cin abinci na dawo, na tarar da 'A Hankali,' fenti har ya fara bushewa. Da na yi magana, ya ce ya ga yadda na shigo tasha."

Mai shayin bakin tasha ya ce nasa ya fi ciwo. "Shayi Mai Kauri" ya nema, aka kawo masa allo da kalma ɗaya tak, "Shayi." Da ya tambayi ina sauran, Kawu ya ce ai ya sha. Har Fasto, wanda na zaci zai tsawata, ya gyara zama ya ce shi ma an taɓa cire masa "gagarumin" daga ƙyallen taron farkawa, aka ce a bari tukuna a ga mutanen da za su zo.

Aka yi dariya, irin wadda ake yi ana goge ido da bakin riga. Inna ba ta yi ba. Ta bari hayaniya ta lafa, sannan ta yafito ni.

"Ke 'yar rediyo, ke ce mai Hausa. Allon da za a kafa a kan kabarinsa, ke za ki tsara maganar, ɗan'uwanki ya yanka a injinsa na rubutu. Sunansa a sama. A ƙasa a sa, 'Miji mai haƙuri.'"

Na dubi taubashina, babban ɗan Kawu. Ya sunkuyar da kai yana nazarin farcen ƙafarsa. Direban Kudan ya ƙware da ruwan da yake sha.

"Inna," na ce, "mai haƙuri?"

"Kunnenki ƙalau."

An riga an tsayar da cewa ranar Lahadi, bayan sujada, za a kafa allon kafin baƙi su watse. Ke nan kafin Lahadi sai na yanke: ko in ɓata wa Inna rai tana cikin makoki, ko in sa hannu a rubuta wa Kawu ƙaryar da ta fi kowace ƙarya girma da za a iya yi a kansa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ƙin yanka duk kalmar da bai yarda da ita ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne. An haife shi a wani ƙauye ta wajen Janfalan, ya yi 'yan shekaru a makarantar mishan, ya bar ta jim kaɗan bayan ya yi wa malami gyara a gaban aji. Ya koyi rubutun allo a Zariya, ya dawo Ikara ya kafa rumfa a bakin tasha. Aikinsa shi ne abin da masu sana'ar ke kira sitansil: a huda siffar haruffa a jikin falle mai tauri, a ɗora shi a kan buhu ko allo ko jikin mota, a dangwala fenti da guntun soso, a ɗaga, rubutu ya fito. Da haka 'yan kasuwa ke sa shaida a buhunan masara da barkono don kada su cakuɗe a mota. Da haka ake sa lamba a babur, da suna a bayan kujerun coci da na makaranta.

Ba kwali yake amfani da shi ba. Yana zuwa asibiti ya karɓo baƙar ledar nan mai kauri ta hoton ƙirji da ƙashi, wadda aka gama da ita, ya yanka da reza. Idan ka ɗaga aikinsa ka duba a rana, sai ka ga sunan wani dillalin hatsi an huda shi a tsakanin haƙarƙarin wani bawan Allah da ba wanda ya san ko ya warke. Yana da hannu, wannan ko maƙiyinsa bai hana shi ba. Kowane harafi mai ciki, kamar O ko A ko B, yana bar masa ɗan siririn wurin da ba a yanka ba don cikin kada ya faɗo. Gada ake ce wa wannan. Gadojin Kawu kamar da ma'auni aka aza su, kuma yana iya tsayar da mota a hanya don ya nuna wa fasinja inda wani mai rubutu ya karkata tasa.

Matsalarsa ɗaya: a ganinsa, wanda ya kawo aiki shawara kawai ya kawo.

"Ni ba na yanka ƙarya," haka yake cewa. "Reza ta yi tsada."

Da a kan ƙarya kawai ya tsaya, da da sauƙi. Amma ƙarya a wurin Kawu ta haɗa da fata, da alkawari, da duk wani yabon da bai gani da idonsa ba. Kuma ba ya gaya maka zai canza. Sai ka zo karɓa.

A gidan rediyo, tun da soja suka karɓi mulki, akwai mutumin da kowane labari ke bi ta teburinsa kafin ya kai bakinmu, da jan biro a hannu. Shi wannan yana cire gaskiyar da ba ta yi wa gwamnati daɗi ba. Kawu yana cire abin da ya yi wa mutum daɗi idan shi bai gamsu ba. Na san ba ɗaya suke ba, na kuma san wanda ya fi daraja a cikinsu. Amma na zauna a ƙarƙashin duka biyun, kuma zan iya shaida cewa wanda aka yanke wa magana, zafi iri ɗaya yake ji.

A shekarun da aka matsa wa jama'a da tsabtace gari, lokacin da soja ke sa magidanci tsallen kwaɗo a kan bawon rake, wani kantoma a yankinmu ya ba shi aikin alluna masu yawa. Aiki irin wanda mai rumfa ke samu sau ɗaya a rayuwa, a daidai lokacin da darajar naira ta karye, taki ya ɓace, albashi ba ya kai tsakiyar wata. Abin da aka ce ya rubuta shi ne, "An hana zuba shara a nan. Duk wanda aka kama zai ɗanɗana kuɗarsa." Abin da ya rubuta shi ne, "Don Allah kada a zuba shara a nan."

Aka kira shi ofis. Kantoma ya tambayi dalili.

"Ranka ya daɗe," in ji Kawu, "wa zai kama su? Na zaga duk wuraren, ban ga mai kamun ba."

Ba a taɓa lafiyarsa ba, an dai bar shi tsaye a rana har ofis ya tashi, aka kuma ba wani aikin. Ya dawo gida yana ba da labarin kamar wanda ya ci kokawa. A shekarar ne Inna ta sayar da awakinta, ta koma tashi da asuba tana suyar ƙosai a ƙofar gida. Ban taɓa jin ta ambaci kantoma ba. Shi kuwa, duk baƙon da ya zo, sai ya ji labarin daga farko.

Inda abin ya fi tsanani shi ne allunan kaburbura. Kiristocin ƙauyukanmu, daga Ikara har Gazara, wurinsa suke kawo farantin ƙarfen da ake liƙa wa gicciye. A nan ba ya sassauci ko kaɗan. Wani attajiri da kowa ya san yana ɓoye hatsi sai ya yi tsada, 'ya'yansa suka nemi a sa "Uban marayu." Kawu ya ce su kawo masa maraya ɗaya ya gani. Suka tafi da allo mai suna kawai, suka daina gaishe shi. Inna ce ta bi su har gida da ƙwaryar daddawa tana ba da haƙuri.

Ni ma ya yi mini.

Mahaifina malamin firamare ne, kuma mashayi ne. Duka biyun gaskiya ne, duk Ikara ta san duka biyun. Da ya rasu, ina sabuwar ma'aikaciya, na zauna na tsara abin da nake so a rubuta, "Uba abin koyi." Ranar da na je karɓa, na tarar da sunansa, a ƙasa kuma, "Malamin makaranta."

"Kawu, ba abin da na kawo ke nan ba."

"Na gani."

"To?"

"Ya koya wa yara karatu. Rabin waɗanda za su karanta allon nan shi ya buɗe musu ido. Wannan na yanka da zuciya ɗaya. Abin koyi kuwa, je ki tambayi uwarki."

Ko kai bai ɗaga daga aikinsa ba. Na ɗauki allon na fita, na daɗe ban taka gidansa ba. Inna ce ta hau motar Kaduna, ita da mota ke sa wa jiri, ta zo ɗakina da kuka da daddawa a ƙulle a zani, ta zauna a ƙasa tana ba ni haƙurin laifin da ba ita ta yi ba. Shi bai taɓa ba ni ba. Da na koma gidan, abin da ya fara ce mini shi ne ya ji na ce "jama'a masu ɗimbin yawa" a labarun rana, shin na ƙirga su?

Dole in faɗi ɗaya gefen, don shi ma gaskiya ne. Kawu bai taɓa zubar da sitansil na mamaci ba. Kowanne yana rataye a ƙusa a ɗakin baya, har Inna ta rasa inda za ta ajiye buhun dawa. Duk bayan damina, idan ruwa ya ci fenti, sai ya ɗaure su a bayan keke, ya bi makabartun ƙauyuka yana sabunta sunayen da suka dushe. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Na attajirin nan mai ɓoye hatsi ma yana ciki. Na mahaifina kuwa, ban taɓa zuwa na tarar da harafi ɗaya ya koɗe ba. Idan aka yi masa godiya, sai ya ɓata rai ya ce shi aikinsa yake karewa, kada a ce fentinsa ba ya jure ruwa.

Sai injin ya zo.

Taubashina ya yi aiki a wata maɗaba'a a Kaduna. Da tsuke bakin aljihu ya kai inda ya kai, kamfanin ya rufe, shi kuma ya sayar da filinsa ya sayi ɗaya daga cikin kayan da aka yi gwanjonsu: tsohuwar kwamfuta da injin yanka sitika. Bai kafa a Ikara ba, don kada a ce ya buɗe shago a gaban ubansa. Ya kama ɗaki a Makarfi, kusa da kasuwa.

Injin bai kai keken ɗinki girma ba. Ana buga magana a kwamfuta, a zura masa leda mai gam a baya, wata 'yar ƙaramar wuƙa ta yi ta kai da kawowa tana kuka kamar gyare. Idan ta gama, a tsince haruffan da allura a bar guraben, a shimfiɗa tef mai faɗi a kai a ɗago ledar gaba ɗaya, a manna a jikin allo, a dangwala fenti, a ɓare. Tun da ledar mannewa take yi, cikin O ba ya zuwa ko'ina, saboda haka babu buƙatar gada. Haruffa su fito cikakku kamar na littafi.

Ba sauri ne ya kwashe wa Kawu jama'a ba. Wutar lantarki sai ta ga dama take zuwa, man janareta kuma sai an bi 'yan bumburutu, wani lokacin ma Kawu da rezarsa zai riga injin gamawa. Abin da ya ja mutane Makarfi shi ne, abin da ka ce shi za ka gani.

Ina hutu a gida ranar da Kawu ya ce in raka shi kasuwar Makarfi, wai zai sayi reza, kamar an daina sayar da reza a Ikara. Muka shiga bas, muka sauka, ƙafarsa ta kai mu ƙofar shagon. Ya tsaya bai shiga ba. Taubashina ya fito da sauri ya durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baba. Ina wuni? Ya hanya?"

"Lafiya. Wannan ne?"

"Shi ne, Baba."

"Wa ya koya masa karatu?"

"Ba ya karatu. Abin da aka buga masa shi yake yankawa."

"Ko mene ne?"

"Ko mene ne."

"Buga masa, 'Ubana jaki ne.'"

"Haba, Baba!"

"Na ce ka buga."

Taubashina ya dube ni yana neman ceto. Na ce masa ai ni baƙuwa ce, kuma na daɗe ina son in ga wannan a rubuce. Ya harare ni, ya zauna ya buga da yatsa ɗaya kamar madannan suna da zafi. Injin ya ɗauki kukansa. Kawu ya matso, ya sunkuya, ya bi wuƙar da ido tun daga harafin farko har na ƙarshe.

"Ko tari bai yi ba," ya ce.

Ya ɗaga ledar ya duba a haske, ya daɗe yana dubawa. Na ga ya shafa gefen haruffan da babban yatsa, na kuma ga abin da bai so in gani ba: aikin ya burge shi. Sai ya ajiye, ya ce haruffa ba gada kamar mutum ba wando, ya juya muka tafi. Rezar ma bai saya ba.

Sau ɗaya kawai ni da Kawu muka taɓa zama a gefe guda, shi ma bai yi mana amfani ba. Kwamfutar ba ta san haruffanmu masu ƙugiya ba, ƙ da ɗ da ɓ duk a miƙe take fitar da su. Wani maɗori a Gazara ya sa aka yi masa allo, aka kafa a bakin hanya da manyan haruffa ja: "Mai Gyaran Kashi." Labari ya iso Ikara kafin fenti ya bushe. Kawu ya hau keke ya je ya gani da idonsa, ya ce zai ƙara ƙugiyar kyauta. Maɗorin ya ƙi. Ya ce tun da aka kafa allon, duk motar da ta wuce sai ta rage gudu, yanzu har mutanen Kudan sun san gidansa. Kawu ya dawo ya huce a kan tuwon Inna, wai ya yi ruwa. Ni kuma na rubuta wa taubashina doguwar wasiƙa a kan ƙa'idar rubutu, ya aiko mini da amsa cewa ya gode, ya kunna wuta da ita. Amma tun daga nan ya koma ƙara ƙugiya da reza bayan injin ya gama.

Rumfar Kawu ta yi ta raguwa. Ya rage sai tsofaffin dillalan hatsi da ba su son komai sai haruffan sunansu, da waɗanda ba su da kuɗin motar Makarfi. Bai taɓa cewa ɗansa ya cuce shi ba. Bai kuma taɓa karɓar buhun masarar da ɗan ke aikowa ba, sai Inna ta karɓa ta bayan gida, ta juye a rumbu, ta ce daga gonar ƙaninta ne. Kawu ya kwanta ciwo bayan girbi, bai daɗe ba. Likita ya ce hawan jini ne. Ba wanda ya yi mamaki.

Wannan shi ne mutumin da aka ce in kira mai haƙuri.

Ranar Asabar da safe taubashina ya tura babur ƙofar gida, bai tayar ba don tsimin mai, yana jiran in ba shi maganar. Na shiga wurin Inna. Tana zaune a bakin murhu tana tsince wake.

"Inna, maganar allon nan."

"Na faɗa miki."

"A sa 'Mai aikin hannu.' Ko 'Mai faɗin gaskiya.' Wannan ba wanda zai musa."

"Ban ce ki zaɓo mini ba."

"Kin san da shi ne aka kawo wa, ba zai yanka ba. Ya hana mutane da yawa abin da ya fi wannan kusa da gaskiya."

Ta ɗago ta dube ni. "Ya hana ubanki."

"Ya hana ubana," na ce. "Mudun da ya auna wa kowa, shi nake so a auna masa."

Ta ci gaba da tsince wakenta, har na zaci ta gama da ni.

"Ke a tunaninki ban san shi ba? Ko ruwan wanka bai taɓa jira ya huce ba, sai ya shiga yana zagin mai dafawa. Amma gidan nan an yi haƙuri a cikinsa, 'yata. An yi wanda ya ishi mutum biyu, har ya yi saura aka kai maƙwabta. A kai ya ci, a kai ya sha, a kai ya yi ta gardamarsa har ya tsufa. Ina so kalmar ta zauna a wani wuri da ruwa ba zai tafi da ita ba."

"To ai naki ne, Inna. A faɗi cewa naki ne."

"Rufe mini baki. Ina raye za a yi mini kirari a makabarta? A sa a nasa. Ni na san na wane ne."

Na fito. Taubashina ya miƙo hannu.

"Madam rediyo, kawo labarun."

"Matsa gaba," na ce, "tare za mu je."

A Makarfi babu wuta. Muka sayo galan ɗin mai a bakin hanya, janareta ya yi gardama ya gaji ya tashi. Taubashina ya buga sunan mahaifinsa, sai hannunsa ya tsaya. Ya ce in ƙarasa, shi ba zai iya ba. Na zauna na buga abin da Inna ta ce, "Miji mai haƙuri." Na dube shi a fuskar kwamfuta. Na koma bayan kalmar farko na ƙara harafi ɗaya.

Taubashina ya leƙo ta kafaɗata ya karanta. 

"Za ta kashe mu," ya ce.

"Kai ba ruwanka. Abin da aka buga shi injin yake yankawa."

"Wallahi ke annoba ce." Ya share ido da bayan hannu, ya danna. Wuƙar ta soma kuka.

Inna ba ta karatu. Da yamma da muka manna ledar a farantin ƙarfe, ita ta karɓi soson ta dangwala fentin da kanta, a hankali, kamar yadda ta sha taya Kawu idan aiki ya yi yawa. Da aka ɓare, ta dube shi ta ce ya yi kyau. Ni ban iya cin tuwo ba.

Ranar Lahadi aka taru a makabarta, 'yan coci a gaba, dangi Musulmi a gefe ƙarƙashin ɗorawa. Aka kafa gicciyen, Fasto ya gyara tabarau ya karanta sunan. Ya sauko layi na biyu, ya buɗe baki, ya tsaya, ya sake dubawa. Sannan ya karanta da ƙarfi, yana ba kowane harafi haƙƙinsa:

"Mijin mai haƙuri."

 Sai wata tsohuwa a cikin matan zumunta ta ce, "Ƙwarai kuwa!" Direban Kudan ya ce, "Wannan kam ko Baba zai yanka." Matan suka juya gaba ɗaya suna duban Inna, wasu na dariya wasu na kuka, wata ta rangaɗa guɗa a makabarta, Fasto bai hana ta ba.

Inna ta ja gyale ta rufe fuska. Ta daɗe a haka. Da ta buɗe, ni ta nema da ido, ta same ni inda na raɓe a bayan taubashina.

"Zo nan."

Na je na durƙusa.

"Abin da na ce ki rubuta ke nan?"

"A'a, Inna."

"Kin tambaye ni?"

"A'a."

Ta dubi kabarin, ta dube ni.

"Jini ɗaya," ta ce. "An binne ɗaya, an bar mini ɗaya. Ni da na zaci na huta."

Ba ta ce a kankare ba. Ta dafa kaina ta miƙe, ta ce in riƙe mata jaka.

Ubangiji ya ba Inna tsawon rai, ya sa abin da ya rage mata ya zo da sauƙi. Kawu kuma Allah ya gafarta masa, ya karɓe shi da jinƙai. Idan akwai rubutu a ƙofar can, ina roƙon a shigar da shi da sauri, kafin ya tsaya karantawa.